Tsarabar Abinci a Kan Iyaka: Me Ake Ƙwacewa, Me Ake Bari, Kuma Saboda Me?

"Assalamu alaikum Malam. Aiki ya fara kai ni ƙasashen waje, kuma duk tafiya sai 'yan uwa sun haɗo ni da saƙo. Wannan ya kawo busasshen nama, wancan zuma, wata busasshen kifi da garin kayan yaji, wani ma irin shuka. A tafiyata ta ƙarshe na ga an buɗe akwatin mutumin da ke gabana, an kwashe abincinsa an zuba a kwandon shara, kuma ya ce har tara aka ci shi. Abincin nan fa a dafe yake ko a bushe, mu ma shi muke ci lafiya lau. Me ya sa ake ƙwacewa? Ta yaya zan san abin da zan ɗauka da wanda zan bari? In kuma na ɓoye ɗan kaɗan a cikin tufafi, wa zai sani?"

Wa alaikumus salam Malam. Tambayoyi uku ka yi: dalilin ƙwacewa, yadda za ka rarrabe kaya, da batun ɓoyewa. Bari in fara ba ka amsar ta uku a taƙaice, domin ita ce ke jefa mutane cikin wahala. A ƙasashen da suka fi tsanani ma, matafiyin da ya zo da abin da aka hana amma ya bayyana shi, iyakarta a karɓe kayan a sallame shi. Wanda ya ce babu komai, sannan aka samu, shi ne ake ci tara, ko da abin da aka samu ɗin da ya faɗa za a bar masa. Mutumin da ka gani a gabanka kusan tabbas laifinsa ke nan: ya sa hannu a fom cewa ba ya ɗauke da abinci.

Sannan ka sani cewa ƙofa biyu kake wucewa, ko da a zaure ɗaya suke. Jami'in kwastan kuɗi yake dubawa: darajar kayanka, kuɗin fito, tsabar kuɗin da ke jikinka, da kayan da doka ta haramta. Jami'in killace dabbobi da tsirrai kuwa bai damu da ko kayanka na dala biyu ne ko na dubu biyu ba. Abin da yake nema shi ne mai rai, ko abin da mai rai zai iya laɓewa a cikinsa: ƙwayar cuta a nama, ƙwai na ƙwaro a hatsi, tsutsa a 'ya'yan itace, ƙasa a tafin takalmi. Lemo guda ɗaya ba komai ba ne a wurin na farko, a wurin na biyu kuwa babban al'amari ne.

Abin da ake tsoro a cikin nama

Ka ce kuna cin abincin lafiya lau, kuma gaskiya ka faɗa. Manyan cututtukan da ake gudu a nan ba su cika damun ɗan Adam ba. Dabbobi suke kashewa, kuma tarihin yadda suka tsallaka teku shi ya haifi dokokin nan. Bushiya, wato annobar shanu, ta shiga Afirka a 1887 ta tashar Massawa da ke Iritiriya, ta hanyar shanun da sojojin Italiya suka shigo da su, kuma cikin 'yan shekaru ta share garke-garke daga gabas zuwa yamma har kudancin nahiyar. A 1920 ta ɓulla a Beljiyam bayan da wasu shanu daga Indiya da za a kai Barazil suka yada zango a tashar Antwerp. Wannan ne ya sa ƙasashe suka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a Paris a 1924. Sai a 2011 aka iya shelanta cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa.

Boru, wato ciwon baki da kofato, shi yana nan daram. A 2001 ya ɓarke a Birtaniya, an fara gano tushensa a wata gonar aladu a arewacin Ingila inda ake ba dabbobi ragowar abinci da ba a dafa yadda doka ta ce ba. Kafin a shawo kansa an kashe dabbobi sama da miliyan 6, asarar ta kai kimanin fam biliyan 8. Zazzaɓin aladu na Afirka ma ta irin wannan hanya ya fita: ya isa Fotugal a 1957 ta ragowar abincin jirgin sama da aka ba aladu a kusa da filin jirgin Lisbon, ya isa Jojiya a 2007 ta yankin tashar jirgin ruwa ta Poti, ya kai Sin a 2018, inda ya yi wa kiwon aladu mummunar ɓarna.

Ka lura da hanyar, domin ita ce amsar tambayarka. Babu wanda ke tsoron kai ka ci naman. Abin tsoro shi ne guntun da ya rage: ƙashin da aka jefa a bola, ledar da aka yar a bakin hanya, ragowar da aka zuba wa dabba. Alade zai ci, na gida ko na daji, kuma alade da ya kamu da boru yana fitar da ƙwayar cutar a numfashinsa da yawa fiye da saniya, iska ta kwashe ta kai wa garken maƙwabta.

Busarwa, gishiri, hayaƙi da daskarewa ba sa kashe waɗannan ƙwayoyi yadda mutane ke zato. Daskarewa ma adana su take yi. Ƙwayar zazzaɓin aladu tana iya yin kimanin kwana 300 a busasshen nama, kusan kwana 1,000 a daskararre. Ta boru tana mutuwa a tsokar nama idan naman ya kwana ya yi tsamin da yakan yi bayan yanka, amma wannan tsami ba ya kaiwa cikin ɓargo da ƙullutun kaluluwa, a can take zama. Abin da aka amince yana kashe ta shi ne zafi: tsakiyar naman ya kai digiri 70 ya zauna a haka na minti 30. To jami'in da ka miƙa wa nama a leda ba shi da hanyar sanin ko tsakiyarsa ta kai wannan zafi, ko wace dabba ce, ko daga wane garke ta fito. Mai yiwuwa naka tsaf yake. Amma dubban akwatuna ne ke wucewa kullum, kuma guda ɗaya mai cuta ya isa, shi ya sa aka hana gaba ɗaya.

Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi daga wajenta ya shigo da nama ko madara ko abin da aka yi da su ba, sai daga wasu 'yan ƙasashen maƙwabta kamar Nowe da Suwizalan. Na gwangwani ma bai tsira ba, haka cuku da man shanu. Sassaucin da aka yi shi ne na garin madarar jarirai, abincin jarirai, da abinci na musamman na marasa lafiya: har kilo 2, da sharaɗin ya zama na kamfani a cikin mazubinsa, ba ya buƙatar firiji kafin a buɗe, kuma ba a fasa shi ba sai dai wanda ake cikin amfani da shi. Birtaniya ta daɗe da irin wannan hani a kan yawancin ƙasashe, sannan bayan da boru ya ɓulla a Jamus a Janairun 2025, da Hangari da Sulobakiya a Maris, sai ta hana shigo da naman shanu, tumaki, awaki da aladu da kayan madara daga Tarayyar Turai ma, daga 12 ga Afrilun 2025. Wannan ya nuna maka yadda doka ke juyawa cikin mako guda idan cuta ta motsa. Amurka tana duba ƙasar da naman ya fito da cutar da ke can, kuma takan fi sassauci ga naman gwangwani na kamfani wanda aka dafa a rufe, mai rubutun da ke nuna inda aka yi shi. Naman daji kuwa haramun ne ƙwarai a can, tararsa tana iya kaiwa dala 250,000, domin shi cutar da ke kama mutane ake gudu a cikinsa.

Inda mutanen kirki ke faɗawa tarko shi ne naman da ba ya kama da nama. Dunƙulen ɗanɗanon miya mai romon kaza ko na sa, ƙunshin garin da ke cikin ledar taliya, miyar gari, burodi mai nama a ciki, kek mai kirim, abincin kare ko na kyanwa, duk suna iya shiga lissafi. Ka karanta jerin abubuwan da aka haɗa a bayan leda. In ka ga nama, kitse, romo, madara ko ƙwai, ka ɗauke shi a matsayin abin da za ka bayyana.

Kifi, zuma, hatsi da 'ya'yan itace

Kifi ya fi sauƙi, saboda ba ya ɗaukar cututtukan shanu da aladu. Tarayyar Turai tana barin har kilo 20, ko kifi guda ɗaya in ya fi hakan nauyi, muddin ɗanyen an fede shi, ko kuma busasshe ne, dafaffe ko mai hayaƙi. Amurka ma takan bar na ci. Matsalar busasshen kifi ita ce ƙwari. In jami'i ya karya shi ya ga tsutsa ko ƙwaro na motsi a cikin kai ko ciki, zai iya riƙe shi duka. Ka kakkaɓe shi, ka sa a firiza na wasu kwanaki, ka sake busar da shi, sannan ka ƙulle a leda mai kauri kafin tafiya.

Zuma tana ba mutane mamaki. Turai tana barin har kilo 2, Amurka takan bari, amma Niyu Zilan ba ta yarda da ita ba daga mafi yawan ƙasashe, haka jihar Yammacin Ostireliya tana da nata takunkumi mai tsanani. Dalili shi ne cututtukan da ke ruɓar da 'ya'yan ƙudan zuma a cikin saƙa. Ƙwayoyinsu suna iya yin shekaru da dama a cikin zuma ba su mutu ba, kuma kwalbar da aka yar ba a wanke ba, ƙudan zuma ne farkon masu zuwa lasarta su koma amya da cutar.

Ɗanyen 'ya'yan itace da ganyaye, shawarata kada ma ka fara. Macen ƙudan 'ya'yan itace tana huda fata ta saka ƙwai a ƙarƙashi, hudar kamar ta bakin allura, ido ba ya kama ta. Mangwaro zai zo teburin bincike sumul, ba tabo, a yanka shi a tarar da farare ƙananan tsutsotsi sun yi hanyoyi a kusa da ƙwallo. Mai shi in ya gani a gida zai jefar a lambu, tsutsar ta shige ƙasa, bayan mako biyu ko uku ta fito ƙuda. Wani nau'in ƙudan nan na Asiya an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya mamaye mafi yawan Afirka, ya rufe wa manoman mangwaro kasuwanni da dama. Tun 14 ga Disambar 2019 Tarayyar Turai ke neman takardar shaidar lafiyar tsirrai a kan 'ya'yan itace, ganye, furanni da iri, har na cikin jakar matafiyi. Guda biyar kawai aka ware: abarba, kwakwa, ayaba, dabino da durian, wani ɗan itace mai ƙaya na kudu maso gabashin Asiya. Takardar nan hukumar kula da lafiyar tsirrai ta ƙasar da ka baro ce ke bayarwa bayan ta duba kayan, ba a samun ta a ƙasar da ka sauka.

Hatsi busasshe ma ba a rasa shi da magana, saboda ƙwaron khapra mai cin hatsin da aka adana. Ɗan ƙarami ne, milimita 2 zuwa 3, kuma tsutsarsa tana iya laɓewa a tsagar buhu ta yi shekaru ba ta ci komai ba. Abin da ake nema a teburi sau da yawa ba ƙwaron ba ne, saɓar da tsutsar ta yi ce: wasu 'yan ɓawo masu launin ƙasa-ƙasa da gashi-gashi, a ɗinkin buhu ko a gindin leda. Amurka ta hana matafiya shigo da shinkafa, waken soya da wasu nau'o'in wake daga ƙasashen da aka san ƙwaron yana nan, kuma jerin ya ƙunshi ƙasashe da yawa a Afirka, Gabas ta Tsakiya da kudancin Asiya. Ostireliya tun 2020 ta hana ɗanyar shinkafa da ire-iren waɗannan kaya a jakar matafiyi. Garin kayan yaji da aka niƙa lukui ya fi samun wucewa a kusan ko'ina, amma mai ƙwaya-ƙwaya, ko mai ɓawon itace, ko ganyen lemo, ya fi jawo bincike, domin ƙwaya iri ce, tana iya tsira.

Irin shuka da dashe su ne mafi haɗari, tun da niyyar mai su ita ce ya sa su a ƙasa. Cutar da ta kashe miliyoyin itatuwan zaitun a kudancin Italiya, wadda aka gano a 2013, bincike ya danganta shigowarta da tsirran ado da aka kawo daga tsakiyar nahiyar Amurka. Amurka tana barin matafiyi ya shigo da tsirrai har 12 na nau'in da ba a hana ba, da takardar shaida, saiwarsu a wanke ba ɗigon ƙasa. Ƙasa kanta haram ce kusan ko'ina. Cutar da ke busar da ayaba, wadda ta isa Mozambik a 2013 da Kolombiya a 2019, tana zama a ƙasa shekaru masu yawa, kuma laka a tafin takalmi tana iya ɗauko ta. Shi ya sa fom ɗin Ostireliya ke tambaya ko ka shiga gona, ko ka taɓa dabbobi, ko ka shiga rafi a cikin kwana 30 da suka wuce. In ka amsa da e, yawanci takalmin za a duba, in da datti a wanke a ba ka. Dodon koɗi mai rai kuwa, Amurka ba ta wasa da shi. A 1966 wani yaro ya kawo guda uku Miami, aka sake su a lambu, sai da aka yi kusan shekara 10 da kashe kimanin dala miliyan 1 kafin a gama da zuriyarsu.

Batun ɓoyewa

Wa zai sani? Kare zai sani. Amurka tana amfani da ƙananan karnuka masu sansano tun 1984, kuma an horar da su a kan nama, lemo, mangwaro, tufa da makamantansu. Leda uku da turare ba sa ruɗa su, har jakar da aka cire abinci daga cikinta jiya suna iya zama a gabanta. Na'urar haska kaya kuma tana nuna abin da ya fito daga dabba ko tsiro da launi daban, ga siffar ƙashi ko ƙwallo a fili. Abin da aka naɗe a cikin riga ya fi muni a kan wanda aka bari a sarari, domin ya nuna niyya.

A Niyu Zilan tarar nan take ta dala 400 ta ƙasar ce aka daɗe ana ci, ko da mantuwa ce, wanda ya yi da gangan kuwa yana iya fuskantar tarar dala 100,000 da ɗaurin shekara 5. A 2022 an ci wani fasinja da ya sauka birnin Darwin na Ostireliya daga tsibirin Bali na Indonesiya tarar dalar Ostireliya 2,664 a kan burodi biyu masu nama da ƙwai da wani guda mai naman alade, a lokacin da boru ke yaɗuwa a Indonesiya, kuma tarar ta ƙaru tun daga lokacin. Tun 2019 Ostireliya ke iya soke bizar baƙo a nan filin jirgi ta mayar da shi, ya yi shekara 3 bai sake samun shiga ba. Taiwan tana cin dalar ƙasarta 200,000 a karon farko a kan naman alade daga yankin da ke da cuta, baƙon da ya kasa biya a juya shi. Japan tun 2020 ta kai hukuncin shigo da nama ba izini zuwa yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. A Amurka tarar farko takan kama daga dala 300, amma a 2018 an yanka wa wata mata tarar dala 500 a kan tufa guda da aka raba a cikin jirgi ta sa a jaka ba ta bayyana ba. Ga mai tafiyar aiki irinka, tarar ma ƙaramar asara ce. Sunanka zai shiga kwamfuta, a riƙa ware ka gefe a kowace tafiya, kuma yana iya taɓa neman biza nan gaba.

Ina roƙonka ka duba abin ta fuskar makiyayi ma. Idan boru ya shiga ƙasar da babu shi, garken da ya kamu da na maƙwabtansa ake kashewa, har masu lafiya, kuma a rufe wa ƙasar kasuwar nama. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tara garke zai tsaya yana kallo. Kilo guda na tsaraba bai kai a jefa wani a wannan hali ba.

Bayyanawa ba ta da wuya. In fom ya tambaya ko kana ɗauke da abinci, ka ce e, ko da biskit ne. In ƙofa biyu ce, ja da kore, ka bi ja, domin shiga kore daidai yake da cewa ba ka da abin bayyanawa. Jami'i zai duba, kuma ɗaya daga cikin huɗu zai faru: a mayar maka, a yi wa kayan magani da hayaƙi ko zafi a kan kuɗinka, a ba ka damar mayar da su inda suka fito a kan kuɗinka, ko a lalata su. Filayen jirgi da yawa suna da kwandon zubar da abinci kafin teburin bincike, abin da ka jefa a ciki ba za a tambaye ka ba. Kada kuma ka amsa da "ban sani ba, saƙo ne". A idon doka duk abin da ke akwatinka naka ne. Saƙon da mai shi ya ƙi a buɗe a gabanka, kada ka ɗauka, ko na wane ne.

Ɓangaren kwastan

Nan lissafi ne. Kowace ƙasa tana da iyakar darajar kayan da za ka shiga da su ba kuɗin fito: yuro 430 a Tarayyar Turai ga wanda ya zo ta sama ko ta ruwa, yuro 300 ta ƙasa, fam 390 a Birtaniya, dalar Ostireliya 900 ga babba. A Amurka mazaunin da ya dawo yana da dala 800, baƙo kuwa tsarabar dala 100. A Birtaniya da Ostireliya in ka haura iyaka, a kan duka kayan za ka biya, ba a kan rarar kawai ba. Abu guda mai tsada kuma ba a raba darajarsa tsakanin mutum biyu a Turai. Sassaucin nan na kayan amfanin kai ne da kyauta. Waya goma iri ɗaya a kwalayensu kayan sayarwa ne, komai ƙanƙantar kuɗinsu. Ka riƙe rasit, in babu jami'i ne zai yanka daraja.

Tsabar kuɗi ba a hana ba, bayyanawa ake nema: abin da ya haura dala 10,000 a Amurka, yuro 10,000 zuwa sama a Turai, fam 10,000 zuwa sama a Birtaniya. A Amurka iyali da ke tafiya tare ana haɗa na hannunsu a lissafa wuri guda, don haka rarraba wa mata da yara ba ya fitar da kai. Turai tun Yunin 2021 ta sa sulallan zinariya da sandunansa a cikin lissafin.

Akwai kuma yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kare dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa. Hauren giwa, ƙoƙon kunkurun teku, fatar damisa da murjani suna ƙarƙashinta, kuma cewa a kasuwa ka saya a fili ba hujja ba ce. An yi ɗan sassauci ga kayan amfanin kai, misali kayan fatar kada har guda 4, ko itacen turaren oud har kilo 1 da mansa mililita 24, sai dai ba kowace ƙasa ce ke aiki da sassaucin ba. Magani kuma ka bar shi a kwalinsa, da takardar likita mai sunanka, gwargwadon kwanakin tafiya. Tramadol da kodin sun kai matafiya gidan yari a wasu ƙasashen Larabawa, Japan kuma tana hana wasu magungunan mura da ake saya ba takarda a wasu wurare. Maganin gargajiya na sassaƙe ko gari marar suna yana jawo tambaya daga jami'in kwastan da na killace duka.

Shirya akwati

Mako guda kafin tafiya ka shiga shafin intanet na hukumar noma ko ta kwastan ta ƙasar da za ka, ka duba kowane abu da sunansa da ƙasar da ya fito. Kada ka dogara da cewa wani ya wuce da shi bara. Wataƙila ba a buɗe shi ba ne, wataƙila kuma dokar ta sauya. Daga cikin saƙon da ka lissafa, naman da irin shuka ka mayar wa masu su da haƙuri. Kifin da garin yajin suna da kyakkyawar damar wucewa. Zumar kuma ta danganta da inda ka nufa.

Abin da ka yanke za ka ɗauka, ka tara shi a jaka ɗaya a saman akwati, kowanne a leda mai nuna ciki, da sunansa a rubuce da harshen da jami'in zai karanta. Na kamfani ka bar shi a mazubinsa ba a fasa ba. Ka guji buhun da aka taɓa zuba hatsi, kwalin da aka taɓa sa 'ya'yan itace, da ciyawa ko ganye a matsayin abin naɗi, domin mazubin kansa yana iya sa a riƙe kaya masu kyau. Kayan itace da na saƙa ka duba ko akwai ƙananan huda da gari na zuba, alamar ƙwaro na ciki ke nan. Ka rubuta jerin komai a takarda guda ka miƙa tun kafin a tambaye ka, hakan yana rage tsayuwa sosai. Ka wanke tafin takalmi da buroshi. Kafin ka sauka daga jirgi ka lalube jakar hannu da aljihun yara, a nan ake samun tufa da ragowar burodi. Ka kuma tuna zuma da mai ruwa ne a wurin masu binciken tsaro, abin da ya wuce mililita 100 a jakar hannu yawanci tun a filin tashi za a karɓe.

In za ka yada zango, ka duba dokar can ma. A Amurka yawanci a filin farko da ka sauka ake binciken kayanka, ko da za ka wuce wani gari, kuma a ko'ina in ka fita daga filin jirgi ka kwana, ka shiga ƙasar ke nan da duk abin da ke hannunka.

Iyakar abin da zan iya yi daga nan shi ne in nuna maka yadda ake tunani da inda haɗari yake. Ba zan iya yanke wa akwatinka hukunci ba, domin ya danganta da ƙasar da ka baro, wadda ka nufa, da cutar da ke yawo a wannan watan, kuma jami'in da kayan ke gabansa yana da ikon riƙe abin da littafi ya halatta in ya ga ƙwaro ko ya kasa gane mene ne. In abu yana da muhimmanci a wurinka, kamar abincin mara lafiya ko iri na bincike, ka rubuta wa hukumar ƙasar tun da sauran makonni, ka nemi izini a rubuce, ka buga amsarsu ka sa a jakar hannu tare da fasfo.